Ki Ce Ba Ku Shirya Ba

Zuwa ga ɗiyata Mai Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Ki gaya wa Yaya, mahaifiyar taki, na ji labarin gwiwarta, ta daina hawa kujera tana share saƙar gizo, shekaru sun ja. Mu nan lafiya lau, sai mura da ta kama yarana 'yan biyu. Mamansu tana gaishe ku.

Na ga saƙonki da takardun da kika haɗo. Kin ce in sa miki baki a kamfaninmu ko za su ɗauko ki. Ɗiyata, ni da mahaifiyarki kakanmu ɗaya, shi ya sa ba zan shafa miki zuma a baki ba. Nan ƙasar ba a sa baki. Ba a san ɗan wane ba, ba a san kawun wance ba. Abin da ke kanka shi ne danginka. Ni wa ya sa mini baki? Na zauna jarrabawa da 'ya'yan ƙasa, na kayar da su a cikin yarensu, shi ya sa suka aiko mini da tikitin jirgi.

Zanen rodi ba zanen fure ba ne. Mu ne ke nuna wa magina inda kowane ƙarfe zai zauna kafin a zuba kankare. In muka yi kuskure, bene ne zai sauko a kan mutane. Na duba zanen da kika turo a matsayin gwaninta. Wallahi na yi dariya har abokin aikina ya leƙo, na ce masa wasan yara ne aka turo mini. Malamin da ya ba ki sakamako mai kyau a kan wannan, ko dai makaho ne ko yana son ki.

Ki nemi koyarwa ko wani aikin ofis. Ba kowa aka halitta don ƙetare ba, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya san iyakarsa.

Kawunki,
Injiniya

*

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ka gafarce ni da na yi shekara guda ban amsa ba. Wasiƙarka ba irin wadda ake amsawa da wuri ba ce, sai da na bari ta huce. Umma lafiya, gwiwar dai tana nan. Ban karanta mata duk abin da ka rubuta ba, na tsaya a kan gaisuwa.

Na samu aiki. Wani kamfani ne ya buɗe ofis a nan, a saman wani shagon sayar da tayoyi. Ɗaki ne dogo, tebura layi biyu, kowa da kwamfutarsa, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a cikin bokiti. Ba mu da ginin kanmu da muke zanawa. Kamfanonin waje ne ke turo mana aikinsu, mu yi, mu mayar. Jarrabawa na zauna, Kawu, babu wanda ya sa mini baki, hankalinka ya kwanta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, jiya aka ba mu tsofaffin zane-zanen sabon kamfanin da za mu yi wa aiki, don mu koyi salonsu. Ina buɗe na farko na ga sunanka a ƙasa, a gurbin wanda ya zana. Na buɗe na biyu, kai ne. Na uku ma kai ne. Ashe gidanku aka kawo mu.

Zan faɗi gaskiya ko da ba na so, hannunka yana da kyau. Na daɗe ina kallon yadda ka jera rodin wata matattakala. Manajanmu, wani da ba ya rabuwa da murmushi ko da korar mutum zai yi, ya ce wani babba daga can zai riƙa koyar da mu ta bidiyo. Ban ce na san kowa ba.

'Yarka,
Mai Tabarau

*

Mai Tabarau,

Lafiyarmu ƙalau, 'yan biyu sun shiga makaranta, har sun fara gyara mini lafazi.

Ikon Allah! Ashe ke ce mai jan ɗankwalin nan da ke zama a ƙarshen tebur. Kin kyauta da ba ki ce kin san ni ba. Ki ci gaba da haka, ba na son a ce ina fifita wani.

Ni ne babban da aka ce. Shugabar sashenmu ta kira ni ofis, ta ce duk cikinmu babu wanda ya san aikin kamar ni, don haka ni zan koya muku, in rubuta duk dabarun da ke kaina, a ɗauki bidiyon yadda nake aiki daga farko har ƙarshe. Kin ga abin da nake gaya miki? A nan in ka iya, ana gani. Mutum bakwai ne a sashen, akwai waɗanda aka haifa a layin ofishin, amma baƙo aka zaɓa. Ƙananan ayyuka za a tura muku, mu kuma mu samu sararin manyan.

Na san kin ji zafin abin da ya faru ranar Talata, da na ɗora zanenki a allo na bi shi da jan layi gaban kowa. Da na ce wanda ya zana wannan bai taɓa ganin rodi ba sai a hoto, ba ƙarya na yi ba. Na zaɓi naki ne da gangan. Da na kama na wani, sai ya ce ƙiyayya ce. Ke ta gida ce, za ki iya shanyewa. Kuma 'yan'uwanki sun yi dariya, kin ga darasin ya zauna.

Ki gaida Yaya.

Injiniya

*

Kawu,

Muna lafiya. Umma ta ce a gaishe da 'yan makaranta.

Darasin ya zauna, na gode. Tun ranar abokan aikina ke kirana Sai-a-Hoto. Har mai kawo mana ruwa ya iya. Na je banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na gyara zanen. Daga nan na ɗauko bidiyoyinka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na san yadda kake jan numfashi kafin ka fara ginshiƙi, na san tsakin da kake yi in kwamfuta ta tsaya. Yanzu ni ke duba aikin sauran kafin ya iso gabanka. Ka lura jan layinka ya ragu? Ba tsufa ba ne.

Akwai abin da nake so ka sani, don zumunci ba don ka cancanta ba. A bangon ofishin Manaja akwai allo da aka jera ayyukan sashenku. Duk wanda muka iya, sai ya goge shi. Ba ƙanana kaɗai aka rubuta ba, Kawu, har da manyan. Matattakala an goge. Harsashin gini an goge. Abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Ya ce in allon ya yi fari, shugabanninku na can za su tambayi mai duba aiki ko mun shirya mu tsaya da ƙafarmu. Mai duba aikin ni ce.

Na tambaye shi, to su malamanmu na can fa? Ya yi murmushin nan nasa ya ce ba sashensa ba ne.

Ban san dokokin ƙasarku ba. Na dai ce in yi maka hannunka mai sanda.

Mai Tabarau

*

Ɗiyata,

Ina fatan kuna lafiya. Ni kam ba na barci sosai.

Da wasiƙarki ta zo na ɗauka baƙar magana ce kike rama mini, shi ya sa ban amsa ba. Sai ga shi an sallami mutum huɗu a sashenmu rana ɗaya. Aka ba kowa kwali ya kwashe kayansa. Wanda ke zama kusa da ni ya bar mini tukunyar furensa, ya ce in gaida ɗalibaina. Bai ce da daɗi ba. Su 'yan ƙasa ne, za su zauna a gida su nemi wani aikin. Ni ba haka ba ne.

Ki saurara da kyau. Takardar zamana a ƙasar nan ɗaure take da aikin nan. In aikin ya tafi, ɗan lokaci kaɗan za a ba ni, in ban samu wani irinsa ba sai mu tattara mu fita, ni da matata da yaran da ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Amma in na kai ƙarshen lokacin sanyi ina kan aiki, na cika shekarun da ake buƙata, zan samu takardar dindindin. Daga nan ko sun kore ni ko oho.

Abin da nake so ki yi ba shi da wuya. In sun tambaye ki, ki ce ba ku shirya ba. Ki ce kuna buƙatar malaminku har bayan sanyi. Ba ma ƙarya ba ce, ɗiyata, ni na san abin da ba ku iya ba tukuna.

Na san na yi miki kaushi a baya. Haka aka koya mini, kuma ga shi ya amfane ki. Ban taɓa roƙon kowa a danginmu komai ba, ki tambayi mahaifiyarki. Yau ina roƙon ki. Kar ki gaya mata, kar ki gaya wa kowa. Maman 'yan biyu ma ba ta san abin ya kai haka ba.

Kawunki

*

Mai Tabarau,

Lafiya dai? Shiru, shiru. A bidiyo ina ganin ki kullum a ƙarshen tebur, kina rubutu, ba kya ɗago kai. Da farko na damu. Daga baya na gane hikimar. Abu irin wannan ba a sa shi a rubuce, kin fi ni hankali a nan. 'Yar gidanmu in babba ya sa ta abu ba ta tsayawa cewa to, yi kawai take yi. Haka mahaifiyarki take.

Tunda hankalina ya kwanta, bari in ba ki dariya. Wani tsohon abokin karatuna yana da ƙaramin kamfanin gini. Ya ji abin da ke faruwa, ya ce in zo ya ɗauke ni, zai mayar da takardar zamana kan sunan kamfaninsa. Kin san wane aiki? Tsayuwa a wurin gini da hular kwano da takalmin roba, ina ƙirga rodi a bayan leburori, a ƙarƙashin wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba. Ni! Mutumin da ya kwafi amsoshina a aji shi zai riƙa ba ni izinin cin abinci. Na gode masa, na ce ina nan daram a inda nake. Ya ce ba zai iya riƙe gurbin ba. Na ce ya ba mabuƙaci.

Ki ci gaba da shirunki, na fahimta.

Kawunki

*

Kawu,

Muna lafiya, aiki ne ya yi yawa. Allah ya ƙara wa 'yan biyu basira.

Ina da tambaya, in ba za ka yi mini dariya ba. Akwai wani zane da ya gagare ni. Bene ne mai hawa da yawa, sai aka cire ginshiƙi ɗaya a ƙasa don motoci su samu hanyar wucewa. Nauyin na sama duk ya sauka a kan bim guda, wato ginshiƙin kwance. A inda bim ɗin ya haɗu da ginshiƙin gefe, rodi sun cushe har babu inda tsakuwa za ta bi in an zuba kankare. In na rage rodi, ƙarfi ya ragu. In na bar su, cikin zai zama rami. Na juya shi ta kowace fuska. Na duba bidiyoyinka kaf, ba ka taɓa yin irinsa ba.

Ga hoton nan na haɗo. Ba na so in kawo shi a aji, ka san dalili. In kai ma bai yi maka ba, ba komai, ka bar shi.

'Yarka

*

Ɗiyata,

Lafiya lau. Yau na ci abinci da daɗi.

In ni ma bai yi mini ba? Kai, yarinya! Wannan ai tun kina rarrafe na warware irinsa. Bai shiga bidiyo ba ne don ba kowane abu ake zuba wa ɗalibai ba.

Kuskurenki shi ne kin tara duk haɗin rodi a wuri ɗaya, daidai mahaɗar. Fitar da su daga nan. Rabi ki haɗa su a sama da mahaɗar, rabi ki ja su can cikin bim, kar biyu su ƙare a layi ɗaya. Rodin bim na ƙasa ki ɗaure su bibbiyu, sai hanya ta buɗe a tsakani. Ƙugiyoyinsu kuma kar duk su lanƙwasa sama, na waje su yi sama, na ciki su yi ƙasa. Sannan ki rubuta wa magina tsarin da za su bi wajen sakawa, wanne ne farko wanne ne ƙarshe, in ba haka ba za su yanke wanda ya tare musu hanya su yi shiru. Na zana miki da hannu, ga shi nan. Ko rodi ɗaya ba a rage ba, kuma hannun mutum zai shiga.

Kin ga abin da nake faɗa? Ba ku shirya ba. Yanzu in sun tambaye ki, za ki faɗa da zuciya ɗaya, ba sai kin ji kina yi wa kowa ƙarya ba. Iyawa ba a bidiyo take ba.

Kawunki,
Injiniya

*

Ke,

Babu gaisuwa.

Yau shugabar sashe ta kira ni. Ta ce sun so su riƙe ni har bayan sanyi, don ba su yarda za ku iya manyan ayyuka ba. Sai suka ba ku gwaji ɗaya ba tare da sanina ba, aiki mafi wuya da ke hannunsu. In kun kasa, in zauna. Ta juyo mini da allon kwamfutarta don in ga abin da ɗalibaina suka yi, ta ce in yi alfahari. Na ga rodi bibbiyu. Na ga ƙugiya sama da ƙasa. Har tsarin sakawa da na rubuta miki, ko kalma ba ki canja ba. A ƙasa sunanki. A gefe kuma amsarki cewa kun shirya.

Na buɗe baki in ce nawa ne. Sai na tuna wanda ya fitar da zanen kamfani ta saƙon kansa, korar da za a yi masa ta fi wannan muni. Kin san da haka ma, ko ba haka ba?

Na kira abokin nan nawa. Ya ba wani gurbin. Na aika takarduna wurare da yawa, duk zanen rodinsu ya koma irin ɗakinku na saman shagon taya. Na gaya wa matata a tsaye a kicin, ta zauna a ƙasa.

Kwali na gabana. Ki gaya mini abu ɗaya. Me yaran nan suka yi miki?

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ni zan gaishe ka ko ba ka gaishe ni ba. Ina fatan jikin Anti, maman 'yan biyu, da sauƙi.

Yaran ba su yi mini komai ba. Na yi tunaninsu, kar ka ce ban yi ba. Amma ban taɓa ce maka to ba. Kai ka ɗauki shiruna ka ɗinka masa riga, ka ƙi aikin da zai tsare maka 'ya'ya don kar a gan ka da hular kwano. Wannan ba ni na yi ba.

Gwajin nan ba kai kaɗai ya shafa ba. Manaja ya tara mu ya ce in mun kasa, aikin zai koma wata ƙasa da ta fi mu arha, su ma sun buɗe irin ɗakinmu, suna jira. Akwai mai ciki a layina. Akwai wanda wannan ne aikinsa na farko bayan shekaru yana yawo da takardu a leda. Akwai ni, da Umma, da gwiwarta. Ka roƙe ni in ce ba mu iya ba, ba ka tambaya ko sau ɗaya me zai same mu in na faɗa ba.

Na san gwaji ne da na turo maka. Na kuma san za ka amsa, shi ya sa na ƙara layin ƙarshen nan, cewa in kai ma bai yi maka ba ka bar shi. Ba zan ce na ji daɗi ba, amma ba zan ce maka na yi nadama ba, don ƙarya zan yi. Da za a sake, haka zan sake.

In zai rage maka zafi, ka fi ni iyawa. Ka fi duk wanda ke ɗakin nan, ka fi shugabarka, ni shaida ce. Na tambayi Manaja, da malamin can ne ya warware zanen a gabansu fa, da sun bar shi? Ya ce da sun ɗauki bidiyonsa yana warwarewa, su ƙara masa wata ɗaya. Ba gwani suke nema ba, Kawu. Wanda zai yi aikin ya tsaya, da arha, shi ke nan. Ni ma an fara ɗaukar bidiyon allon kwamfutata tun makon jiya, an ce don ingancin aiki. Ban yi wa kowa alfahari da an zaɓe ni ba.

Ka ce kar in gaya wa Umma. Na riƙe har jiya, amma dole a san inda za ku sauka, tunda ba ka yi gini a nan ba, ka ce ba ka ga abin dawowa ba. Na ce mata kwangilarka ce ta ƙare. Ta yi murna har da hawaye, za ta ga 'yan biyu kafin ta mutu. Tun safe take jan ƙafa tana fitar da tarkace daga ɗakin baya. Na gaya mata yaran ba sa jin yarenmu, ta ce za su koya, ai ba su da zaɓi.

Ta ce in tambaye ka, katifa ɗaya za ta ishe su, ko a aro ta biyu a maƙwabta?

'Yarka,
Mai Tabarau